Injin gilo na jirgin koyo: wanne za a aiko daga Amurka?

"Assalamu alaikum Masta. Ni ɗan Aboabo ne, ina gyaran waya a Adum. Na haɗa jirgin koyo mai rimot, faɗin fikafikansa mita 1.6, nauyinsa zai kai kilo biyu da rabi idan an ɗora inji. Yayana da ke Bronx a New York zai yi lodin kaya zuwa Tema wata mai zuwa, ya ce in zaɓi inji ya sa mini a ciki. Ya turo hotuna biyar: O.S. 46AX II sabo a kwali, O.S. 46LA na hannu, SuperTigre G-51 na hannu, Saito FA-62 shi ma na hannu, sai ASP 46 da ya ce ya fi duka araha. Abokansa na can duk sun ce AX ko Saito. Ni zuciyata tana kan Saito saboda ƙararsa. Wanne ya fi ƙarfi, wanne kuma zai fi daɗewa a hannuna?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a wannan sha'awa, ya saka wa yayanka da alheri. Ƙarfi da daɗewa ka tambaya, kuma duk zan amsa. Sai dai akwai tambayar da ta riga su, wadda abokan yayanka ba su da dalilin yi: da wane mai za ka tayar da injin a nan Kumasi? Su can mutum zai shiga kanti ya ɗauko galan na man da aka riga aka haɗa, mai naitiro, sinadarin da ke ƙara wa inji ƙarfi, kashi 10 ko 15 cikin ɗari, ya biya ya kama gabansa. A kan wannan galan ɗin shawararsu daidai take. Kai kuwa ba ka da shi, kuma ba za a sa maka shi cikin lodi ba, domin abu ne mai kama wuta, ga guba. Jirgin sama ba ya ɗaukarsa a kayan fasinja, masu lodin kayan gida a kwantena ma ba sa karɓa. Injin da ya dace da kai shi ne wanda zai yi aiki lami lafiya da man da za ka haɗa da hannunka, ya kuma jure damshinmu da ƙurarmu. Da wannan mudu zan auna biyar ɗin.

Abin da ke faruwa a kan silinda

Cire tunanin filogin babur daga ranka. Injin gilo, irin waɗannan biyar ɗin, ba shi da kwayil, ba ya tartsatsi, babu abin da ke ƙayyade masa lokacin wuta daga waje. Filoginsa ɗan noti ne mai rami, a cikin ramin akwai siririyar waya nannaɗe wadda aka yi da gaurayen filatinam. Wajen tayarwa za ka jona masa batir mai bolt 1.2 zuwa 1.5, wayar ta yi ja. Da inji ya kama sai ka cire batir, wayar ta ci gaba da ja, domin tururin metanol idan ya taɓa filatinam yana ba da zafi, ga ragowar zafin bugun da ya wuce, ga matsin fistan. Kamar gawayi ne a kolfot: da ashana aka kunna, amma fifita ce ke riƙe da shi. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ya fito da wannan filogi kasuwa a 1947, ya hutar da ƙananan jirage ɗaukar kwayil da batir a ciki.

Abu biyu ke biyo bayan wannan. Na farko, dole sai metanol. Sifirit ɗin kemis galibinsa etanol ne, da ruwa a ciki, kuma etanol ba ya hura wa filogin gilo na yau da kullum wuta yadda metanol ke yi. Fetur ma haka. Na biyu, lokacin da wuta ke tashi a silinda abu uku ne ke yanke shi: zafin filogi, yawan matsi, da irin man. Ka taɓa ɗaya, ka taɓa sauran. Shi ya sa injin da ke rera waƙa a New York zai iya isowa Kumasi ya riƙa mutuwa a silo, wato idan an rage totur ƙasa, mai shi ya ce an cuce shi, alhali mai kawai ya canza.

Man gilo haɗi uku ne: metanol, man shafawa kashi 18 zuwa 20, sai naitiro, wato naitirometen. Naitiro yana ɗauke da iskar oksijin a jikinsa, yana ƙara ƙarfi, amma babban amfaninsa ga mai koyo shi ne yana sa silo ya zauna, yana kuma sa allurar kabureta, wadda ke daidaita yawan man da inji ke sha, ta yi sauƙin saiti. Idan babu shi inji zai yi aiki, sai dai allurar takan yi tsaurin ido, ɗan murɗi kaɗan ya kai ka daga mai ya yi yawa zuwa mai ya yi kaɗan. Akwai daɗaɗɗen haɗin da masu gasa suka sani, kashi 80 metanol da kashi 20 man zurma, babu naitiro ko ɗigo. A lita ɗaya, mililita 800 da mililita 200 ke nan. Shi ne man da kai da ni za mu iya haɗawa a nan, kuma shi nake zuba wa injunana.

Metanol za ka nema wurin masu sayar da sinadaran ɗakin gwaji na makarantu, ko masu kawo wa masana'antu a Accra da Tema, ka ce mai tsabta kashi 99 ko sama. Ɗaliban injiniyan jiragen sama na jami'ar KNUST ta nan Kumasi ma ka iya tuntuɓarsu, hanyarku ɗaya da su. Man zurma kuwa ka nemi fari tas wanda ba a gauraya da komai ba. Baƙin nan da masu kayan gyaran gashi ke sayarwa a Kejetia bai dace ba, an soya 'ya'yan kafin a tatsa, sau da yawa kuma da turare ko wani mai a ciki. Mafi alheri, yayanka ya sa maka 'yan kwalaben Klotz BeNOL, man zurma ne da aka tace don injunan tsere, ko Klotz Super Techniplate mai haɗin zurma da man da aka haɗa a masana'anta. Duka biyun suna narkewa a metanol. Kada ka zuba man 2T na babur ko baƙin man mota. Ba sa haɗuwa da metanol, za ka ga sun rabu gida biyu a kwalba, injin ya sha metanol tsura ya ƙone.

Ka kuma yi lissafin sha. Fetur yana ƙonewa da iska kashi 14.7 ga kashi ɗaya na mai, metanol kuwa kimanin 6.4 ne, don haka injin gilo mashayi ne. Mai lamba 46, kamar AX da LA, a cikakken totur yana shan kusan mililita 30 a minti, tankin mililita 240 zuwa 300 ya ba ka tashi na minti takwas zuwa goma. Lita ɗaya, tashi uku zuwa huɗu ke nan.

Akwai maganar da ba na so ka wuce ta da sauri. Metanol ba shi da launi, ido ba ya raba shi da ruwa, kuma ƙaramin cokali biyu na iya makantar da mutum, abin da ya ɗan fi haka ya yi kisa. Harshen wutarsa da rana kusan ba a gani. Mu kuwa a gidajen haya muke zaune a zango, tsakar gida ɗaya da yaran maƙwabta. Don Allah kada ka zuba shi a robar ruwan sha ko ta lemo ko da na minti biyar ne. Jarka mai murfi mai kyau, da rubutu a jiki, a wurin da ke da kwaɗo.

Saito, wanda zuciyarka ke so

Ban ga laifinka ba. Saito injin Japan ne mai bugu huɗu, da bawul biyu da sandunan tura su, ƙararsa mai kauri irin ta jirgin gaske, ba ya tsiwa kamar mai bugu biyu. Yana juya farfela babba, 12x6 ko 13x6, wato mai tsawon inci 12 ko 13, a wajen juyi 10,000 a minti, yana kuma shan mai ƙasa da sauran. Girmansa ma daidai ne, domin mai bugu huɗu yana bukatar ya ɗara mai bugu biyu girma kafin su yi kunnen doki. FA-62, mai kusan cc 10, shi ne takwaran mai lamba 46, wanda yake cc 7.5. Tun da O.S. ya fito da FS-60 a 1976, wanda ya buɗe wa masu bugu huɗu kasuwa, mutane ke son wannan ƙara.

Amma duba yadda yake aiki. Wuta sau ɗaya take tashi a juyi biyu, wayar filogi tana samun lokacin hucewa tsakanin bugu da bugu. Da filogi na musamman, irin O.S. Type F, da naitiro kashi 10 zuwa 15, ake riƙe wannan zafin. Da man 80 da 20 silonsa yakan yi rauni, ka rage totur za ka sauka ya mutu maka a sama. Akwai dabara: a ɗora ƙaramin batir a jirgi da makunnin da zai ba filogi wuta duk lokacin da totur ya sauka ƙasa, kuma kai mai gyaran waya cikin awa ɗaya za ka haɗa. To amma ƙarin nauyi ne, da ƙarin abin da zai iya lalacewa, a kan jirgin da kake koyon saukarwa.

Sai zancen zurma. Man zurma zalla yana barin danƙo da baƙin gawayi a bawul, musamman na fitar hayaƙi, har ya daina rufewa sosai. Akwai tazarar bawul da za ka riƙa aunawa inji na sanyi, tsakanin milimita 0.04 da 0.10. Ƙasan injin kuma ba ya samun sabon mai kai tsaye, abin da ya tsallake zoben fistan ne ke shafa boris, tare da ruwa da tsamin da ƙonewa ta bari, don haka tsatsa ta fi saurin kama shi. Idan mai ya yi masa kaɗan yakan yi harbi baya ya kwance farfela, shi ya sa ake ɗaure ta da noti biyu. Mafi muhimmanci, jirgin koyo sai ya sha ƙasa, wannan babu makawa, kuma a Saito murfin bawul da bututan sanduna su ne a sama da gaba, silinda da kansa kuma zubi ɗaya ne. Idan ya fashe gaba ɗaya za ka canza. Ka bar Saito ya jira jirginka na biyu.

AX da LA: gida ɗaya, hali daban

O.S. kamfanin Osaka ne da Shigeo Ogawa ya kafa a 1936, kuma sunan da ya yi na cewa injinsa daga kwali yake tashi ba a banza ya same shi ba. AX da LA duka masu bugu biyu ne, duka ba su da zobe: fistan na alminiyam ne, yana gudu a hannun riga na tagulla da aka yi wa rufin nikel. Hannun rigar ya ɗan tsuke a sama, shi ya sa idan ka juya sabon inji da hannu za ka ji ya cije a ƙololuwa. Lafiya ce, idan ya yi zafi tagullar ta buɗe sai ya zauna daidai. Wajen horar da irin wannan inji kada ka cika masa mai ya yi ta gudu da sanyi; a bar shi ya yi zafi da wuri, da mai ɗan sama da daidai, tanki biyu ko uku a ƙasa, sauran a sama.

A takarda AX ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba: doki kusan 1.6 a juyi 16,000, LA kuma 1.2 a juyi 15,000. Sai dai waɗannan alkaluma da ƙaramar farfela ake samunsu, wadda ba za ka ɗaura wa jirgin koyo ba. Da 11x6, wato tsawon inci 11 da cin iska inci 6 a kowane juyi, AX yakan tsaya wajen 12,000, LA ya biyo baya da tazarar dubu ɗaya ko fiye kaɗan. Bambancin na gaske ne, za ka ji shi idan jirgi ya miƙe sama. Amma jirgi mai kilo biyu da rabi da rabin totur ake koyonsa, kuma ƙarfin da ya wuce bukata a hannun sabon matuƙi gaggauta masa isa ƙasa kawai yake yi. Wannan ita ce amsar tambayarka ta ƙarfi: AX ne kan gaba a cikin masu lamba 46, G-51 yana kafaɗa da shi saboda ya ɗan fi girma, LA ne na baya, kuma ko na bayan ya ishe ka.

Daɗewa kuma a boris take. Karanshaf na AX yana juyawa a kan boris biyu na ƙarfe, na LA kuwa a cikin bushin na tagulla. Metanol yana jan ruwa daga iska, mu kuma damina biyu muke yi a shekara. Injunan da ake kawo mini a Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, da na kwance sukurori huɗu na murfin baya nakan tarar da abu ɗaya: ɗan ruwa ja ya kwanta a ƙasan akwatin, ƙwallayen boris na baya sun yi tabo-tabo, ka juya shaf ka ji yana ƙurr-ƙurr a yatsa. Mai shi zai ce wata biyu kawai ya ajiye shi. 'Yan'uwanmu na Nima da Sabon Zango a Accra abin ya fi yi musu muni, ga iskar teku mai gishiri. Idan aka ci gaba da tashi da irin wannan boris, wata rana kejinsa ya balle, gutsuren ƙarfe ya bi hanyar mai ya hau sama ya karce fistan da hannun riga, inji ya tashi aiki.

LA ba shi da boris ɗin da zai yi tsatsa. Bushin ɗinsa kuma man zurma yake so, a kan mai mai kauri shaf ɗin ke shawagi, wato man da ya zame mana dole shi ne abincinsa. Zurma tana da wata baiwa: idan inji ya yi zafi fiye da kima ba ta ƙonewa ta gudu, sai ta yi kauri ta manne wa ƙarfe, ta ceci injin da sabon hannu ya matse wa allura. Ga shi ba nauyi, kimanin giram 270 ba salansa, AX kuwa wajen 375. Za ka iya bukatar matsar da batirin rimot gaba don hancin jirgi ya daidaita.

Yana da nasa rauni, ba zan ɓoye maka ba. Kaburetarsa allura ɗaya ce, silo kuma da ɗan ramin iska ake saita shi, wanda sukurunsa ke aiki a juye: ka ɗaure ciki mai ya ƙaru, ka kwance ya ragu. Ba ta kai mai allura biyu ta AX laushi ba wajen tashi daga silo zuwa cikakken totur, kuma rashin naitiro yana ƙara fito da hakan. Filogi mai zafi, O.S. A3 wanda yanzu ake kira No. 6, yana gyara mafi yawan wannan, ka kuma bar silon ya ɗan ɗaga. Idan da sitata ta lantarki za ka tayar, ka tabbata siririn wanshan ƙarfe da ke bayan mazaunin farfela yana nan, in ba haka ba shaf zai riƙa komawa baya yana cin murfi. Gaban injin kuma kullum da yoyon mai, haka aka yi shi.

AX ma yana tafiya da man 80 da 20 idan aka ba shi filogi mai zafi, kuma idan ka iya riƙon ladabi ɗaya zai yi maka shekaru. Duk ranar da ka gama tashi, cire tiyon mai inji na gudu har ya mutu da kansa, mayar da batirin filogi ka yi ta bugawa har ya daina ko tari, sannan ka ɗiga man giyar mota mai otomatik, jan nan, ta bakin kabureta ka juya farfela ya ratsa. Tankin ma a zuƙe shi tas. Wanda ya san zai yi kasala da wannan, ya sayi mai bushin.

SuperTigre da ASP

SuperTigre asalinsa na Bologna ne a Italiya, na Jaures Garofali, daga baya aka mayar da ƙirarsa Sin. A Turai naitiro yana da tsada, don haka aka gina injunansu da matsi mai yawa don su yi aiki da kaɗan ko babu. A cikin biyar ɗin nan babu wanda man 80 da 20 ya karɓa kamar G-51. Yana da zobe, kuma mai zobe ya fi haƙuri da ƙura. Idan matsi ya ragu zobe kawai za ka canza. Wannan ba ƙaramin abu ba ne gare mu, domin daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana cike da ƙura, filayenmu kuma jar ƙasa ce. Horonsa yana da tsawo, awa ɗaya ko fiye da mai mai yawa kafin zoben ya zauna, amma na hannu ya riga ya wuce nan. Kaburetarsa tana son haƙuri, takan cika mai a tsakiyar totur sai an bi ta a hankali. Yana da nauyi, yana da boris, kuma tun da Hobbico, kamfanin da ke rarraba shi a Amurka, ya durƙushe a 2018, kayan gyaransa sai an tona.

ASP na Sin ne, ƙirarsa ta bi sawun ta Japan, boris biyu da allura biyu. Na ga masu kyau ƙwarai, na kuma ga waɗanda ke shan iska ta gindin kabureta ko ta allura har saiti ya gagara sai an canza 'yan zobban roba. Ga wanda ya san ƙarar lafiyayyen inji, gyaran yamma ɗaya ne. Ga wanda bai taɓa tayar da gilo ba, ba zai gane ko injin ne da laifi ko hannunsa ba, kuma nan ne mutane da yawa ke jefar da sha'awar gaba ɗaya.

Abin da hoto ba ya nunawa

Ban riƙe waɗannan na hannun ba, kuma matsi ba ya fitowa a hoto, don haka hukuncina a kansu yana rataye da abin da yayanka zai gani. Ya ɗaura farfela ya juya da filogi a ciki, ya ɗauko maka bidiyo: lafiyayye zai yi tauri sannan ya wuce da ɗan "fok". Ya cire filogi ya sake juyawa a hankali, ya ji ko akwai gurzawa. Ya cire salansa ya haska tocila ta ramin hayaƙi, ya duba ko fistan ya karce ko rufin nikel ya fara ɓarewa, tagulla ta bayyana. Ya buɗe murfin baya. A LA ya girgiza shaf sama da ƙasa. Ɗan motsi gaba da baya daidai ne, na gefe mai yawa kuwa bushin ya ci. Ya tabbata salansa da allura suna nan, domin sayensu daban yakan kusa kuɗin injin. Wanda ya ƙage da danƙo ruwan kasa kada ya tsorata shi, sau da yawa zurma ce ta bushe ta tsare shi daga tsatsa, da an ɗumama shi zai saki. Da tsohuwar zuma ake magani.

A Magazin muna iya yin abubuwa da yawa: mazaunin inji, ƙarin bututun salansa, sabon bushin na tagulla a kan les, wato injin sassaƙa ƙarfe, siririn gasket na kan silinda don rage matsi ko ƙara shi. Boris ma masu lamba ne, a auna a nemo, sai dai a guji na bogi, kuma ba da guduma ake fitar da su ba. A ɗumama akwatin alminiyam ɗin ya kai wajen digiri 120 zuwa 150, a buga bayansa a kan katako, boris ya faɗo da kansa. Abin da ba ma iya yi shi ne filogi, da fistan da hannun rigarsa. Ka kuma sani zaren notin farfela na waɗannan O.S. ɗin na inci ne, 1/4-28, na filogi kuma 1/4-32, notin mita na kasuwa ba zai hau ba, kuma wanda ya tilasta shi ya kashe shaf.

Idan jirgi ya caki ƙasa da hanci, kada ka juya farfela ko sau ɗaya don ka ga ko inji na da rai. Jar ƙasar da ta shiga kabureta za ta bi ta cikin shaf ta hau silinda. A cire kabureta da filogi da murfin baya a wanke tukuna. Lokacin hunturu nakan ɗaura ɗan ƙyallen safar mata ta nailan a bakin kabureta da zoben roba. Da sanyin safiyar hunturu kuma iska ta fi nauyi, inji yana son a ɗan buɗe masa allura fiye da ranar zafi mai damshi. A kowane lokaci, ka murɗa har ya kai ƙololuwar ƙara, ka dawo baya ya sauka da juyi 200 zuwa 300, sannan a ɗaga hancin jirgi sama a cikakken totur. Idan ya yi kamar zai shaƙe, ƙara masa mai.

Da ni ne kai, LA zan ce a aiko idan ya ci jarrabawar bidiyo, kuma idan kuɗin LA da G-51 a haɗe bai kai na sabon AX ba, a ɗauko su duka biyu, LA ya koya maka tashi, G-51 ya jira lokacin da hannunka ya faɗa. Idan LA ya faɗi jarrabawa, a sayi AX, ka riƙe man giyar nan da muhimmanci. Rarar kuɗin ta tafi kan abin da ke tsayar da mutane a nan: filogi A3 kamar goma da No. 8 guda biyu, farfela 11x5 da 11x6 rabin dozin na Master Airscrew saboda sun fi jure dukan ƙasa, tiyon silikon mita biyu, tanki da matatar mai, batirin kunna filogi da cajarsa, notin farfela biyu, da man zurman da na ambata. Amma kafin yayanka ya fitar da ko dala ɗaya, ka riƙe litar metanol a hannunka ka san kuɗinta da inda za ka sake samu. Idan ya gagara, zancen gilo ya ƙare, sai mu koma kan lantarki ko ƙaramin injin fetur mai cc 10, wanda mansa ke kowane gidan mai.

Wurin tashi ma ka fara nema tun yanzu. Aboabo da Asawase a bakin filin jirgin Prempeh I suke, kuma tun 2016 hukumar sufurin jiragen sama ta Ghana, GCAA, ta wajabta rajistar jirage marasa matuƙi, ta hana wuce ƙafa 400 a sama, ta hana tashi cikin kilomita 10 daga filin jirgi. Filin ƙwallon unguwa ya fita daga lissafi, sai bayan gari. Ko gwaji a ƙasa za ka yi, ka san da inji ya yi ƙara yara za su cika wurin. A ɗaure jirgin ta wutsiya, kowa ya koma bayan farfela, kai ma daga baya za ka taɓa allura, kuma da sanda mai rufin roba ake buga farfela, ba da yatsa ba. Idan kayan sun iso daga Tema, kawo injin Magazin kafin ka zuba masa mai, mu buɗe murfin baya tare.